Juyin Kalma a Kan Gyaɗar Iri

Ƙarfe uku da rabi na rana abin ya soma lalacewa. Na san lokacin ne saboda tsohon sojan da ke maƙwabtaka da Gwaggona a Tsibiri ba ya yin wata magana mai nauyi sai ya fara duba agogon da ya dawo da shi daga yaƙin Nasara, ya faɗi lokaci da ƙarfi kamar an tambaye shi. Ina zaune a inuwar rumbu, ƙwaryar gyaɗa tsakanin ƙafafuna, sai na ji muryarsa daga bayan zana.

"Uku da rabi," in ji shi. "Faransanci ne, ba shakka. Cewa take: zan mutu, za ka mutu, za shi mutu, za mu mutu."

Gwaggo ta yi salati a hankali. "Da wa take?"

"Ba ta ware kowa ba. Har da ku, har da su."

Sai a lokacin na gane cewa bakina yana motsi, kuma ba ranar ya fara ba.

A shekarar ina ajin ƙarshe a lakwal, wato makarantar boko, ta Maraɗi, inda benci ɗaya ya ishi dukan 'yan matan ajinmu. Jarrabawar satifika tana gabanmu, ana cewa da faɗuwar ruwan farko za a yi ta. Babana tela ne a Sabon Gari. Ba da son ransa aka sa ni lakwal ba. Mai unguwa ne ya zo ya ce ana neman yara, yayana kuwa ya riga ya hau keken ɗinki, sai abin ya faɗo kaina. Ranar da zai kai ni, a bakin ƙofa ya ce mini, "Duk ranar da na ga abin nan ya taɓa ki, kin bar shi ke nan." Bai sake faɗa ba, ni kuma ban manta ba. Shi ya sa nake ɓoye yadda nake son karatun. Ko murna zan yi da maki mai kyau, sai na shiga bayan ɗaki.

Da aka ba mu ɗan hutun tsakiyar bazara, Gwaggo ta aiko a turo mata ni. Ɗiyarta ta yi aure, mijinta yana kwance da tari, ga gyaɗar iri buhu-buhu ba a ɓare ba. Na ɗaure littattafaina zan tafi da su, Baba ya ce in ajiye. "Hannu take nema, ba ido ba."

Gyaɗar ci ana iya zuba ta a turmi a daddaka a sheƙe. Gyaɗar iri ba a yi mata haka. Ɗaya bayan ɗaya ake ɗaukarta, a danna bakinta da babban yatsa har ta buɗe, a zare ƙwayar ba tare da jar rigarta ta goge ba. In ƙwaya ta rabe biyu, ta tashi daga iri, ta koma ta miya. Wadda ta yamutse ma gefe ake ajiye ta. Gwaggo ta nuna mini sau ɗaya, ta tsaya ta ga na yi, ta ce, "Ke dai ba a faɗa miki abu sau biyu," ta koma wajen jinyar mijinta. Daga hantsi har rana ta yi sanyi, aikin ke nan. Ɓawo yana taruwa a hagu, ƙwaya a dama, buhu kuwa kamar ana ƙara masa ta ƙasa. Fatar yatsana ta tashi, ta fashe, ta yi kanta.

Ciwon yatsa bai dame ni ba kamar yadda kaina ya dame ni. Ina jin abin da na koya yana tsiyayewa. Ranar farko na nemi sunan wani kogi da muka haddace, na rasa. Na ce in haka za a tafi, kafin hutu ya ƙare ba abin da zai rage. Babu littafi, babu allo, ko a ƙasa ba na iya rubutu tun da hannu biyun suna cikin aiki.

Sai na samo dabara. A Faransanci kowace kalmar aiki ana juya ta a kan kowa da kowa: ni, kai, shi, mu, ku, su, kowanne da irin wutsiyar da kalmar ke ɗauka. Na mai da kowace gyaɗa mutum guda. In na danna ta farko, ni ce. Ta biyu, kai. Haka har su, sannan in sake zagayowa da jiya, in sake da gobe. Da na gaji da juyin tsura, sai na fara ba su aikin yi. Na aiki raƙuman da ke kawo gyaɗa kantunan Maraɗi su shiga ajinmu su zauna a benci. Na sa mai sayar da fura ta ƙofar lakwal ta yi wa kwamandan Nasara tambayoyi, shi kuma ya kasa amsawa. Duk jimlar da na gina sai na bi ta harafi-harafi a cikin kaina, in ga inda wutsiya ta karkace in gyara. Yini ya riƙa wucewa ban sani ba, ƙwaryata kuma tana cika da ƙwaya lafiyayya. Ina jin ban taɓa samun natsuwa irin ta kwanakin nan ba.

Akwai wasu 'yan kalmomi da in za a faɗe su a gobe sai an ninka musu harafin r. Gudu na cikinsu, da gani, da iyawa, da aikawa, da mutuwa. A dikten ƙarshe, wato shiftar da aka yi mana kafin hutu, na rubuta je mourrai, wato zan mutu, da r ɗaya. Mushenmu, wato malaminmu, wani mutumin Dahome mai sanyin hali, ya ja jan layi a ƙarƙashi. Layin nan ya biyo ni har Tsibiri. Na yi wa kaina doka: gyaɗa mai ƙwaya biyu r biyu ce, in wuce, in na fasa na tarar da ƙwaya ɗaya, kuskurena ne ya dawo, sai in koma farkon kalmar. Gyaɗar Gwaggo ta shekarar ba ta samu ruwa sosai ba, masu ƙwaya ɗaya sun yi yawa. Haka na yi ta komawa kan mutuwa, ina rangaji gaba da baya kamar yadda muka saba a makarantar allo, idona a kafe wuri ɗaya. Wurin da idon ya kafe kuwa, ban lura ba, ƙofar ɗakin mai tari ce.

A ranar da sojan ya yi fassarar nan, Gwaggo ta zagayo ta tsaya a kaina, sojan yana leƙe ta saman zana.

"Ɗiyata, wa za shi mutu?"

"Ba kowa, Gwaggo."

"To mi ya sa kike faɗi?"

Amsar tana nan a kaina, a shirye, amma doguwa ce, ni kuwa ban taɓa yi wa babba doguwar magana ba. Na dubi ƙasa na ce, "Haka aka ce mu riƙa yi."

"Wa ya ce?"

Ban kama suna ba, don ina ganin in na ce mushe, na jawo masa abin da bai ji ba bai gani ba.

Sojan ya ce, "Ni shekaruna nawa cikinsu, ban taɓa jin Bafaranshe ya zauna shi kaɗai yana jera wa mutane mutuwa ba. Ɗazu ma cewa take za ta gudu, za ta gani." Faransancinsa na bariki ne, a kunne ya ɗauke shi, bai taɓa zama a aji ba. Abin da ya fassara daidai ne, ba ƙari ba ragi.

Daga cikin ɗaki mijin Gwaggo ya yi tari ya ce, "In ta san ranar, ta faɗa mani, in sa a gyara jinkan rumbu tukuna." Ba wanda ya yi dariya.

Kafin la'asar matan unguwa sun ji. Wata daga cikinsu, wadda danginta masu bori ne a ƙauyukan kwari, ta ce ai sananne ne, akwai iskokin da suka zo tare da Nasara, Faransanci suke yi, suna hawa har wanda bai taɓa ganin ƙofar lakwal ba, balle wadda kullum take zaune cikin ɗakinsu tana shaƙar allinsu. Ta ɗauke jaririnta daga tabarmar da ke kusa da ni. Gwaggo ta juya mini wurin zama na fuskanci katanga, ta ce kada ta ƙara jin bakina, ta kuma ba wani mai zuwa kasuwar Maraɗi saƙo wajen Baba.

Na kama bakina. Sai aikin ya zama wani abu dabam. Inuwar rumbu ta ƙi matsawa. Yatsana ya riƙa wuce ƙima, ƙwaya tana rabewa a hannuna, har Gwaggo ta dubi kason miya ta ce, "Kun gani ko, hannun ma ya canza." Abin da ya fi tsorata ni shi ne kalmomin ba su tafi ba. Ina cije leɓe, su kuma suna zuwa da kansu. In ana daka a maƙwabta, sai in ji taɓarya tana faɗin ni, kai, shi. In na danna gyaɗa, kalmar ta riga ni. Na fara tambayar kaina: in ni nake kiransu, me ya sa da na ce su tsaya ba su tsaya ba? Wata ƙila matar nan ta san abin da take faɗa. Wata ƙila haka abin yake soma wa kowa, da daɗi, ba ya sanarwa.

Baba ya zo a kan kekensa, zare a manne da rigarsa. Ya saurari Gwaggo, ya saurari soja, sannan ya kira ni gefe.

"Mi ke damunki?"

"Baba, darasi ne."

"Darasin mutuwa?"

"Darasin r."

 Baba bai san harafin Nasara ko ɗaya ba, amma yana rubuta ajami da kyau. Da na ce masa shadda ce, irin wadda ake ɗora wa harafi a ninka shi, da ya gane nan take. Sai bayan shekaru wannan ya zo mini. A ranar kuwa na tsaya ina murza bakin zanena, shi kuma yana ganin yarinyar da ta rame, idonta ya faɗa, tana ba shi amsar da ba ta da kai.

"Na faɗa miki tun farko," in ji shi. "Lakwal ta ƙare."

Gwaggo ce ta tare, ba don lakwal ba, don tsoron a bar abin a jikina. Ta ce a kai ni Jiratawa wajen Kaka, ƙanwar mahaifiyarsu, wadda ta tsufa cikin sanin iskoki, ta duba ni. Baba ya ɓata rai, don shi ba ya shiga harkar bori, ko goge ya ji sai ya canza hanya. Amma Kaka ce ta goye shi bayan rasuwar uwarsu.

"Ban yarda da abin da take yi ba," in ji shi, "amma ba ta taɓa yi mani ƙarya ba. In ta ce ba komi, ki koma ajinki. In ta ce akwai, kada in ƙara jin sunan lakwal a gidana."

Daga Tsibiri zuwa Jiratawa sai an ratsa Maraɗi. Muka bi ta gaban lakwal. Tagogi a rufe, ƙarfen motar da ake bugawa a kira mu yana rataye a jikin bishiya, ba kowa. Na nemi tagar da ke kusa da bencinmu na kalle ta har muka wuce. A gida na tarar Inna ta ɗaure littattafaina a tsumma ta cusa can saman azara, inda hannuna ba ya kaiwa. Ta shafa kaina ta ce, "Allah shi sawwaƙe," ba ta tambaye ni komai ba. Washegari muka kama hanyar kwari, ni da Gwaggo muna karɓa-karɓar jaki, Baba yana tura keke cikin yashi. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa, ina rushewa, ina sake shiryawa. Kuma a ƙarƙashin wannan shirin, da kowane takun jaki, kalmomin suna ta juyawa.

Mun tarar da Kaka a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, ƙaramar mace, farin alli a yatsunta, mazari yana juyawa a kan 'yar fata. Baba ya gaishe ta ya koma ya zauna a gindin bishiya bayan zana, inda zai ji amma ba a ce ya shiga ba. Gwaggo ta kwashe labari tun daga uku da rabi.

Kaka ta dube ni ta ƙasan ido. "Ke ce Nasarar gidanmu? Na zaci za ki fi haka tsawo."

Ba ta kunna turare ba, ba ta aika a kira mai goge ba. Ta sa aka ɗebo gyaɗa a masaki aka ajiye a gabana. "Tawa ma ta iri ce. Ki yi yadda kike yi can." Sai ta juya ga Gwaggo suka shiga zancen tarin mijinta, da wanda ya haihu, da rijiyar da ta ƙafe.

Na fara ɓara, bakina a rufe. Ta farko ta rabe, ta uku ma. Na san in na yi shiru za a ce abin ya ɓuya ne, in na yi magana za a ce ga shi nan. Ba wanda ya kalle ni. Hirarsu ta yi tsawo, mazari yana ta ƙara ɗaya, inuwa ta matso kan ƙafata. Ban san lokacin da na shiga ba. Na dai ji muryata a kunnena, tana kan za mu mutu, hannuna kuma ya daidaita.

"Tsaya," in ji Kaka, ba ta ko ɗago ba.

Na tsaya.

"Ci gaba."

Na ci gaba.

"Koma baya, daga ƙarshe zuwa farko."

Wannan ban taɓa gwadawa ba. Na ɗan yi tunani, na soma daga su, na gangaro har ni. A tsakiya na yi kuskure ɗaya, na koma na gyara.

"Mi ya sa kika koma?"

"Na sa wa ku wutsiyar mu, Kaka."

"Faɗa mani da Hausa, yadda tsohuwa za ta gane."

Wata ƙila don idonta yana kan zare ne, ba a kaina ba, sai maganar ta fito. Na faɗi yadda ake juya kalma a kan kowa, da jan layin mushe, da gyaɗa mai ƙwaya ɗaya. Har raƙuman da na zaunar a benci na faɗa. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban manya ba. Gwaggo ta riƙe haɓa.

"Wato Nasara sai sun shiga lakwal suke sanin kowa za shi mutu," in ji Kaka. Ta jawo ƙwaryata, ta zura yatsa a ciki, ta ware rababbun nan na farko, ta duba sauran ɗaya-ɗaya ta mayar.

Da na yi shiru a nan, da wata ƙila ya wadatar. Amma akwai abin da ba wanda ya sani sai ni, kuma na san in na tafi da shi zan ci gaba da jin tsoron kaina, ko an mai da ni aji. Baba yana bayan zana, yana jin komai. Na ce, "Kaka, wani lokaci ba ni ke kiransu ba. Su ke zuwa. Ko na rufe baki suna nan. Mene ne wannan?"

 

Kaka ta lashi yatsa, ta taɓa alli, ta sake murza mazari. Sai da zaren ya yi tsawon hannu ta yi magana, da ƙarfin da zai ƙetare zana.

"Kin san tsohon garin Maraɗi, na cikin kwari, wanda ruwa ya ci kafin a hau tudu? Kullum na zauna kaɗi sai na shiga shi. In bi ta ƙofar marina, in gaida mai gidan farko, in wuce na biyu, in tuna wa ke da akuya mai ƙaho ɗaya, wa ke da kishin rijiya. A da, ni ke zuwa. Yanzu ina taɓa mazari garin ke zuwa mani, ko ban kira ba. Abin da ka saba wa kanka ke nan in hannu ya kama aiki, ba wani ba ne. Wanda na sani cikin iskoki, in ya hau mutum, ba ya tsayawa don tsohuwa ta ce tsaya, ba ya komawa baya ya gyara kuskure, kuma ba ya barin gyaɗa da rigarta. Babu kowa a kanki sai ke. Ubanki ya sauko miki da takardunki, ki koma ajinki. Sai dai in za ki sake juya kalma a gidan da ke da mai tari, ɗiyata, ki duba da kyau. Duk cikin maganar Nasara ba a samu za mu ƙoshi ba?"